Rakiyar Baba Modu Neman Ƙaninsa Mai Injin Niƙa

Tun da na dawo ban huta ba. A ɗakin malamai na makarantarmu da ke Roni tambaya, a majalisarmu ta Kazaure bayan la'asar tambaya, har ranar kasuwar Gwiwa da na je gaida mahaifiyata sai da aka tare ni a rumfar mai nama. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki ɓarinsa ya je ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi tun daga farko.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habu, Hausa nake koyarwa. Matata Yagana 'yar gabas ce, Barebari ne. Mahaifinta Baba Modu shi ne dogon dattijon nan mai sayar da huluna a kasuwar Kazaure. Sun zo ne shekarun baya, lokacin da 'yan bindiga suka kama garinsu, wani gari a bakin kogi kusa da iyakar Nijar. Ba zan faɗi sunansa ba, Baba ya roƙe ni in bari. Ranar da aka shigo musu, Baba ya fita da iyalinsa a ƙafa. Mahaifiyarsu ta tsufa ba ta iya tafiya, sai ƙaninsa Bukar, mai injin niƙa, ya ce su yi gaba, shi zai biyo su da ita a amalanke. Bai biyo ba. Aka nema har aka gaji, aka yi musu addu'a aka haƙura.

Ana nan sai ga Alhaji Sule, wani ɗan Babura mai fataucin tattasai daga gabashin Nijar, ya zo sayen hula. Ya daɗe yana kallon Baba, sannan ya ce akwai wani mutum a wani matsugunin 'yan gudun hijira gaba da Maine, fuskarsu ɗaya, tsagarsu ɗaya, kuma Bukar mai inji ake ce masa. Ba shi da waya, kuma ba ya ji sosai. Baba bai ƙarasa cinikin ba ya rufe rumfa. Ba shi da ɗa namiji, idonsa kuma ya yi rauni, don haka da aka yi hutun makaranta rakiyar ta faɗo kaina.

Matsalar farko tun a Babura ta same ni, kuma ba ta bindiga ba ce. Muna jiran Alhaji Sule a tasha, na sayo wa Baba waina da miya, ni kuma na koma bayan wata mota na tsaya da tawa. Yaya zan ci abinci a gaban surukina? Ban kai loma baki ba na ji muryarsa a kaina.

"Malam Habu, tafiyar nan da nisa. Kunyar nan ka ajiye ta a Babura, in mun dawo ka ɗauka."

Haka na zauna muka ci, ina tauna kamar mai ciwon haƙori.

Alhaji Sule ya raka mu har bakin iyaka, kuma Allah ne ya sa ya yi hakan. Ni dai an duba katina an miƙo min. Da jami'in ya karɓi na Baba ya ga garin haihuwa, sai ya ɗago kai ya ce ya biyo shi ciki. Na bi su, ba a hana ni ba. Ɗakin ƙarami ne, benci ɗaya da tebur. Jami'in bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Me za ka je yi gabas, tsoho?"

"Ƙanina zan gani."

"Lokacin da mutanen nan suke riƙe da garinku, yana ciki?"

"Yana ciki."

"Har suka bar shi da rai? To me yake yi musu?"

Na ga gumi yana bin tsagar fuskar Baba. Ni kaina ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba. Alhaji Sule ne ya leƙo, suka gaisa da jami'in gaisuwar sabo, ya ce tsohon nasa ne, ya san rumfarsa ya san gidansa. Aka sake mu. Daga nan har Magarya Baba carbinsa kawai yake ja.

Mu mutanen Kazaure muna ganin mun san Nijar, tunda kullum muna tare da su a kasuwa. Ashe sanin kasuwa daban. A Magarya na nemi ɗan acaɓa aka yi ta kallona, sai da wani ya ce kabu-kabu nake nufi. Lissafin sefa kuwa ya rikita ni, har na koma buɗe tafin hannu mai kaya ya ɗauki nasa. A motar Damagaram wani dattijo ya tambaye ni sana'ata, na ce malamin makaranta. Ya ce ta allo? Na ce ta boko.

"Af, ashe mushe ne!" in ji shi, yana murna.

Raina ya ɓaci, na ce wane irin mushe ina zaune da raina? Motar ta kwashe da dariya. Ashe haka suke kiran malamin boko, makarantar kuma lakwal. Har Baba sai da ya murmusa, kuma wannan ne murmushinsa na ƙarshe da na gani kafin mu isa.

A Damagaram muka sauka gidan mai masaukin Alhaji Sule. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, gefen buhunan tattasai da aka jibge har rufi. Atishawa na yi ta yi har idona ya kumbura. Aka kawo dambu da zogale, da burodinsu dogo mai tauri wanda sai ka jiƙa shi a shayi. Shayin ma ba irin namu na babban kofi da madara ba ne. A ɗan ƙaramin kofin gilashi ake ba ka, na farko da ɗaci kamar magani, kuma in ka tashi kafin a gama zagayen ka yi rashin ladabi. Mai gidan ya ja ni gefe ya yi min gargaɗi. In mun kama hanyar gabas kada in ɗauki hoto, kada in fito da waya a shinge, kada in tambayi kowa labarin mutanen daji. Ya ce ba ka san wanda ke kusa da kai ba.

Da sassafe muka shiga babbar mota. Har Gure ana hira ana ciye-ciye. Daga nan shingaye suka fara yawa, hirar ta fara raguwa. Shingensu igiya ce a gicciye. Kowa ya sauko, a jera, a taka a ƙafa a wuce sojoji, motar ta biyo baya babu kowa a ciki. A wani wurin aka ce maza su ɗaga riguna. Na ga surukina, mutumin da ban taɓa ganin kansa babu hula ba, ya tattare babbar rigarsa har ƙirji a tsakiyar titi. Na kawar da kai.

Bayan mun wuce Maine, rana ta karkata, sai direba ya rage gudu, ya gangara gefe ya kashe mota. Babu shinge, babu gari. Na tambayi na kusa da ni ko lalacewa ta yi. Ya girgiza kai, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ka lura tun ɗazu ba motar da ta zo daga gaba?"

Ban lura ba. Sai a lokacin na gane cewa kowa a motar ya lura, ni kaɗai ne ban sani ba. Wata mata ta cusa wa jaririnta nono tun bai nema ba. Wani ya cire katinsa daga aljihu ya tura cikin takalmi. Direba ya fita ya tsaya a kan kwalta ya dafa ƙugu yana kallon gabas. Babu abin da ake ji sai ƙarfen inji yana hucewa. Na tuna 'ya'yana, na tuna ban gaya wa mahaifiyata gaskiyar inda zan je ba. Baba ya dafa gwiwata, bai dube ni ba, ya ce in ka ga an watse kada ka tsaya jirana. Na ce ba zai yiwu ba. Ya ce haka Bukar ma ya ce.

Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Can sai ga wata babbar mota ta ɓullo, ta yi lodin buhuna har tana rangaji. Direbanta ya kunna fitila ya kashe, ya ɗaga hannu. Wai wata mota ce ta faɗi ta tare hanya, an janye ta. Mutane suka yi ta salati. Matar nan ta fashe da kuka, sai a lokacin.

Matsugunin a gefen titi yake, bukkokin zana da tamfol sun miƙe iya ganinka. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shiru. A Roni ko Gwiwa ba ka rabuwa da ƙarar babur, amma nan ban ji ko ɗaya ba, sai jakuna da amalanke. An ce saboda a kan babur ake kawo hari, jin ƙararsa kawai yana watsa kasuwa. Gaisuwarsu doguwa ce, a hankali, ido a ƙasa, ana ta "wushe, wushe," wato sannu da Barbarci. Kuma duk talaucin wurin, kowace bukka ka wuce sai ka ji ƙanshin turaren wuta.

Baba ya ga wani ɗan garinsu a gindin bishiya. Suka rungume juna, suka yi ta lissafa waɗanda suka rasu. Da Baba ya ambaci Bukar sai fuskar mutumin ta canza. Ya saki hannunsa.

"Bukar nasu?" ya ce. Ya nuna da haɓa wajen da ƙarar inji ke tashi, ya juya mana baya.

Na tambayi Baba me ake nufi da nasu. Ya yi gaba wajen ƙarar injin, na bi shi.

Mun same shi a wata rumfar kwano, ya juya baya yana zuba gero a inji. Injin ma ba nasa ba ne, aiki yake yi wa wani. Gari ya rufe shi fari fat. Baba ya yi sallama, bai juyo ba. Ya ƙara da ƙarfi, shiru. Sai ya matsa ya dafa kafaɗarsa. Mutumin ya zabura ya durƙushe, ya kare kansa da hannu biyu kamar mai jiran duka. A haka ya leƙo ta tsakanin hannuwansa ya ga yayansa.

Baba ya durƙusa a gabansa cikin garin, ya riƙe hannuwan ya sauke su a hankali. Ni na lalubi inda ake kashe injin na kashe.

Kafin magariba muna zaune a ƙofar bukkarsa, an kawo mana burabusko da miyar bandar kifi. Sai ga wata mata, ba ta kai Baba shekaru ba amma ta fi shi tsufa a fuska. Falmata sunanta, maƙwabciyarsu ce a can gida. Ba ta gaishe mu ba. Ta dube ni ta ga baƙo, sai ta juya harshe zuwa Hausa don in ji.

"Kai ne surukin? To ka ci da kyau. Hannun da ya ba ka abincin nan shi ya ciyar da su. Shi yake niƙa musu, shi yake kai musu har sansani. Garinsa suka ci suka ƙoshi suka kashe min Ali. Modu, kai ka gudu, ba ka ga komai ba. Mu mun gani."

Mutane suka fara taruwa. Wani saurayi ya tsaya a bayanta da itace a hannu. Na ajiye lomar da ke hannuna, ina duba ta inda zan ja Baba. Shi kuwa Baba Bukar kallon bakinta kawai yake, bai motsa ba. Ta yi ta faɗa har muryarta ta dushe. Sannan ta matso kusa da kunnensa na dama, ta yi tambaya da wata murya daban.

"Bishiyar nan ta wurin da Ali yake, kanya ka ce ko tsamiya?"

"Tsamiya ce, Falmata. Gabas da ita. Na fuskantar da shi alƙibla."

Ta gyaɗa kai, ta ja mayafinta ta tafi. Taron ya watse.

Baba ya dubi ƙaninsa ya ɗaga murya yadda zai ji. "Ka niƙa musu?"

"Na niƙa."

Baba Bukar ya ce zai ba da labarin da Hausa, don in kai wa Yagana shi yadda yake. Ranar da aka shigo, kafin ya ɗaura amalanke an rufe hanyoyi. Washegari suka zo suka ce injin ya zama nasu, shi ma haka. Ya duba tsohuwa a kwance ya ce to. Suka kafa dokoki. Ba makaranta, ba rediyo, ba mai fita gari. Wanda suka kashe kuma ba a yi masa wanka, ba a yi masa sallah, a bar shi inda ya faɗi kowa ya gani. Mutum ɗaya ne amalankensa ke wucewa ba a bincike, mai kai musu gari.

"Na farko limamin unguwarmu ne," in ji shi. "Na wuce shi da safe, na wuce shi da yamma. Da na zo wucewa kuma sai na kasa. Na ɗora shi na rufe da buhuna."

Bayan sansanin akwai wani kwari kusa da kogi inda yake zuwa yankan ciyawar shanu. Nan ya riƙa kai su. Shi ne mai haƙa, shi ne liman, shi ne mamu. Wani ya samu likkafani na buhun gari, wani bai samu ba. Mahaifiyarsu ta rasu a kan gadonta, rashin magani, ita ma can ya kai ta don maƙabarta ta zama wurin ajiye motocinsu. Ali ɗan Falmata sun ce ya bi su ya ƙi, suka harbe shi a bakin kasuwa. Shi ma ya ɗauke shi.

Daga baya suka lura gawarwaki suna ɓacewa. Suka ɗaure shi a jikin injinsa suka yi ta dukansa a kai, wai ya faɗi masu taya shi. Babu wanda zai faɗa, don babu mai taya shi. Ba su kashe shi ba saboda ba wanda ya iya tayar da injin. Da ruwan kogi ya ja baya ya samu ya tsallako.

Ni da nake karanta wa ɗalibai littattafan yaƙi, na saba ganin jarumi a gefe ɗaya, maci amana a gefe ɗaya, kowa da fuskarsa. Ranar na rasa inda zan ajiye mutumin da ke gabana. Na ce masa, "Baba, ai da mutane sun san wannan ba za su ce maka nasu ba."

"Sun sani," ya ce. "Falmata ta sani. Kuma abin da ta faɗa gaskiya ne, garina suka ci."

Kwanakin da muka yi a can, Baba lallashi kawai yake. Ga ɗaki a Kazaure, ga asibiti a duba kunnen, ga jikoki. Na ce zan nema masa inji a Gwiwa, inda ba wanda ya san shi balle ya nuna shi da haɓa. Ya saurara, ya yi godiya, ya ce a'a. Ana ta cewa za a buɗe garin a mayar da mutane. Ranar da aka koma, kowa zai so ya tsaya a kan nasa ya yi addu'a, kuma duk duniya shi kaɗai ya san wa ke kwance a ina. Na ce ya kwatanta min in zana. Ya ce an sare itatuwa, ruwa ya ci gaɓa, sai ya taka wurin da ƙafarsa zai gane.

"In na bi ku, wa zai nuna wa Falmata?"

Ranar komawa suka rako ni bakin titi su biyu. Na ɗauka Baba Bukar ne mai rakiya. Da mota ta tsaya na kai hannu zan ɗauki jakar Baba, sai ya riƙe ta.

"Malam Habu, ka gaida Yagana."

Na ce, "Baba, me zan ce mata?"

"Ka ga yadda muka same shi. Na yi sallama a bayansa bai ji ba. Wurin nan ana kawo hari. In aka yi gudu, wa zai taɓa shi ya ce tashi? Waɗannan?" Ya nuna bukkokin. "Idona ba ya gani sosai, amma kunnena lafiya lau. Shi kuma yana gani. Za mu iya."

Na roƙe shi, har na durƙusa a gefen kwalta. Yaron mota yana ta buga ƙofa. Baba ya ɗaga ni, ya sa min albarka, ya tura ni ciki da hannunsa.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Shingayen nan dai, igiyoyin nan dai. A bakin iyaka jami'in nan ya gane ni, ya ce ina tsohon? Na ce ya samu ƙaninsa. Ya miƙo min katina.

Na iso Kazaure ana kiran la'asar. Tun a hanya na kasa gaya wa Yagana a waya, na ce mata dai muna lafiya. Ta ji tsayuwar babur ta fito da gudu ba ko takalmi. Ta dube ni, ta dubi bayana, ta leƙa lungu. Ta shirya ɗaki, ta yi shimfiɗa biyu.

Na zaunar da ita na faɗa mata komai, ban rage ba, har maganar Falmata. Ba ta katse ni ba.

"Kakata," ta ce, "an yi mata sallah?"

"An yi."

"Wa ya yi?"

"Baba Bukar. Shi kaɗai."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta tashi ta shiga ɗakin da ta shirya musu ta ja ƙofa. Na tara yaran na fita da su waje, don kada su ji kukan uwarsu.